Ƙullin Da Ke Ƙugun Raudatu

Shafi na 31

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan. Ke kuma da kika ce tuwonki ya ƙone saboda Raudatu, babu ruwana tsakaninki da maigidanki. Shafin yau na manya ne, yara a matsa gefe.

*

Kwana arba'in cif da ɗaura auren Raudatu da Yero, amma har yau bawan Allah bai san ɗumin jikin matarsa ba. Kuma ba ƙi take yi ba, wallahi tana son sa.

Da hantsi ya gama tatsa, ya sallami shanu, ya shigo ɗaki ya same ta tana shafa man shanu a ƙugunta. Ta yi saurin jan zani.

"Bari in gani," ya ce.

"Ba komai ba ne."

"Useni, don Allah, Raudatu. Bari in gani."

Ta sassauta zanin kaɗan. Jigida ce baƙa mai layi uku, a jikin siririyar igiyar fata. Ta nutse cikin naman ƙugunta, wurin ya yi jawur, wani gefen har ya tsage.

Yero ya kau da kai.

"Jiya fa tafin hannuna kawai na ɗora."

"Na sani."

"Na sa wuƙa, ta ƙi ci. Na sa almakashinki, ya karye. Kullum na matso sai abin nan ya shaƙe ki. In an yi la'asar zan mai da ke gida. Zan sauwaƙe miki."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ni na ce maka na gaji?"

"Ni ne na gaji da ganin jininki."

Ya fita. Ta bi bayansa da kallo, hawaye na zuba, don ta san halin mutumin. Yero ba ya magana biyu.

Bari in tuna wa waɗanda suka shigo a tsakiya. Raudatu mai ɗinki ce a kasuwar Birnin Gwari, shekararta talatin da huɗu, kuma ko a cikin maza ba a samun mai ja da ita. Baki gare ta kamar reza. Amma mijinta na fari, Abdulbaƙi, ma'aikacin gandun dajin Kamuku, shi kaɗai ya san wata Raudatun daban. Ita da bakinta ta roƙe shi, satinsu biyu da aure. Ta ce masa a waje kowa ita yake jira ta yanke, ta gaji, tana son in ta rufe ƙofa wani ya yanke mata.

Ya kuwa riƙe mata wannan da hannu biyu. In ya dawo daga sintiri sai ya zauna a bakin gado ya ce, "Zo." Ta zo ta durƙusa ta kwance masa igiyar takalmi. Ya zare ɗankwalinta ya ɗaure mata hannuwa da shi sako-sako, ya kai bakinsa kunnenta ya ce, "Kar ki motsa sai na ce." Ba ta motsawa, ko da numfashinsa na yawo a wuyanta, ko da jikinta duk ya ɗauki rawa. In kuwa ta ce "ya isa", nan take zai kwance, ya sumbaci inda ɗankwalin ya kwanta. A shekara biyar ɗin zamansu sau biyu kacal ta taɓa faɗin haka.

Ranar da zai shiga daji tafiyarsa ta ƙarshe, shi ya ɗaura mata jigidar nan, da irin ƙullin da yake gani a tarkon mafarauta, wanda in an ja yake ƙara tsukewa. Ya ce, "Kar ki taɓa ƙullin nan sai na ce." Ya tafi, ba a sake ganin sa ba, ko gawa. Ta yi jiran shekara huɗu da alƙali ya yanka, ta yi takaba, ta ƙara shekara tana juya masu nema. Sannan ta amsa wa Bafillatanin nan mai sanyin murya, wanda kowace ranar kasuwa sai ya kawo mata ɗinki, ko da maɓalli ɗaya ne ya cire.

To mu koma ɗaki.

Rana ta kusa takewa, Raudatu na zaune ta haɗa kai da gwiwa, sai ta ji an ja ta. A ƙugu. Ba irin shaƙar da ta saba ji ba, ja ne a hankali, irin wanda ake yi wa maraƙi a kai shi ruwa. Ƙamshi ya cika ɗakin, na ɗanyar ciyawa da hayaƙin itace. Ƙamshin rigar Abdulbaƙi ke nan in ya kwana a daji.

Ta miƙe. Ko takalmi ba ta sa ba.

Yero na gyaran shinge ya hango ta ta nufi yamma.

"Raudatu! Ina za ki?"

Ba ta waiwaya ba.

"Daji ne fa can! Kin san abin da ke cikinsa!"

Ta sani mana. Wa bai sani ba? Shekarun nan, saboda 'yan bindiga, ko maza ba sa wuce rafin farko sai da dalili mai ƙarfi. Amma ƙafarta ba ta tambaye ta ba. Yero ya ɗauki sandarsa ya bi ta da sassarfa. Da ya ga hanyar da ta ɗauka, ta bar turba ta ratsa ta tsakanin duwatsu biyu, sai tafiyarsa ta canza. Ya fara jan ƙafa, leɓɓansa na motsi.

Sun yi tafiya mai nisa kafin ta tsaya a gaban wata tsamiya, ƙatuwa, wadda mutum huɗu ba za su rungume ta ba. Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san ba a shiga gindin tsamiya da rana tsaka. Raudatu ta shiga.

Sai dajin ya yi tsit.

Jama'a, ni kaina da nake ba ku labari sai da tsikar jikina ta tashi. Tsuntsu ko ɗaya bai ƙara kuka ba. Ƙudan zumar da ke kogon bishiyar suka yi shiru. Rafin da ke gangarawa a gefe ana ganin sa yana tafiya, amma ba a jin motsinsa. Ciyawa ta jiƙe da raɓa sharkaf, da rana tsaka fa, kowane ɗigo na walƙiya. Sannan gwankaye suka fara fitowa daga cikin duhuwa, ɗaya bayan ɗaya, manya masu lanƙwasassun ƙahoni, waɗanda tsofaffi suka ce tun da bindiga ta shigo dajin ba a sake ganin ko sawunsu ba. Sun fi ashirin. Suka kewaye bishiyar suka tsaya, ba mai kaɗa ko kunne.

"Subhanallah," Yero ya faɗa can ƙasan maƙoshi.

Malamai sun ce mamaci ba ya dawowa, kuma ba ni da bakin ja da su. Ni dai abin da Raudatu ta gani nake rubutawa.

Yana tsaye a jikin tsamiyar. Koriyar rigar aikinsa fes, ba jini ba ƙura. Bai tsufa ko da kwana ɗaya ba. Hasken da ke ratsowa ta ganye yana ratsa shi shi ma, har ana hango ɓawon bishiyar ta cikin ƙirjinsa. Fuskarsa a sake, irin ta mutumin da ya yi barci ya ƙoshi.

"Rauda."

Shi kaɗai ke kiran ta haka. Gwiwoyinta suka kai ƙasa tun kafin ta yi tunani.

"Ranka ya daɗe," ta ce.

Ya yi murmushi.

"Wannan addu'ar ta wuce ni. Ɗago ki dube ni."

Ta ɗago.

"Hannu baya."

Hannuwanta suka koma baya da kansu, suka haɗu. Wata iska mai sanyi ta taso daga inda yake, ta zame ɗankwalinta ya sauka a kafaɗa. Ta bi ta bayan kunnenta, ta sauka wuya, ta gangara tsakiyar bayanta a hankali, a hankali, daidai hanyar da yatsansa ke bi a da. Raudatu ta lumshe ido, numfashinta ya sarƙe. Shekara shida jikinta na kulle, yau ya tuna komai lokaci ɗaya. Ta san Yero na bayanta yana gani. Kunya ta kama ta kamar ta nutse, amma ba ta motsa ba, don ba a ce ta motsa ba.

Iskar ta tsaya a kan ciwon ƙugunta. Zafin ya ɗauke.

"Dubi abin da kika yi wa kanki," ya ce a hankali. "Ko sau ɗaya kin taɓa sa hannunki a ƙullin nan?"

"A'a."

"Ko da kika ga jini?"

"Ka ce kar in taɓa sai ka ce."

"Ai na ce."

Ta buɗe ido.

"Yaushe?"

"Tun ranar. Na aiko miki." Ya ɗaga kai ya dubi bayanta. "Tambayi ɗan aiken."

Ta juya a hankali. Ba kowa a wurin sai Yero. Zufa ta wanke masa fuska.

"Malam?" ta ce. "Me yake faɗi?"

Ta ƙura wa Yero ido.

"Ka san shi ne?"

"Na san shi," ya ce da ƙyar. "Inda kike durƙushe, nan na binne shi."

Raudatu ta dubi ƙasar da ke ƙarƙashin gwiwarta. Ta ɗan yi tudu, an jera mata duwatsu da ciyawa ta rufe. Wani sauti ya fito daga bakinta wanda ba kuka ba ne, ba kuma magana ba.

"Faɗa mata duka," in ji Abdulbaƙi. Ba faɗa a muryarsa.

Yero ya sunkuyar da kai.

"Da damina ne. Saniyata ta ɓace na biyo sawunta. Na ji nishi. Na same shi a bakin rafin can, an harbe shi a ciki, waɗanda suka yi sun tafi. Na goya shi na kawo shi inuwar nan. Na ba shi madara a gorana, ya kurɓa sau biyu."

"Da ransa ka same shi?"

"Da ransa. Har la'asar muna tare."

"Ya yi magana?"

"Ya yi." Hawaye suka zubo masa. "Ya ce in je kasuwar Birnin Gwari in nemi Raudatu mai ɗinki. Ya ba ni saƙo, ya sa na maimaita sau uku. Sannan na laƙƙana masa shahada, ya cika."

Abdulbaƙi ya karɓe.

"Da adda ya haƙa, Rauda, har tafinsa ya fashe. Ya yi mini wanka da ruwan rafin nan. Ya cire rawaninsa ya suturta ni. Ya tsaya shi kaɗai ya sallace ni, kura na kuka a bayansa. Uwata ba ta haife shi ba, amma ya yi mini abin da ɗan'uwa ke yi. Ban riƙe shi da komai ba sai abu ɗaya."

"Me ya hana ka zuwa?" Raudatu ta tambaya, idonta a kan Yero.

"Na zo. Wallahi washegari na zo. Na tarar gari ya rikice, ana neman sa, 'yan sa-kai ko'ina da bindigogi. Duk Bafillatanin da aka gani sai an tare shi. Na tsaya a ƙofar shagonki. Na ce a raina, in na ce na san inda gawarsa take, wa zai yarda ba ni na kashe shi ba? Kika ɗago kika ce, 'Malam, ɗinki ne?' Sai na cire maɓallin rigata na miƙa miki."

"Maɓalli."

"Na ce sati mai zuwa zan faɗa. Satin ya zo na ce na gaba. Har na wayi gari ba don saƙon nake zuwa ba."

Raudatu ta miƙa wuya, idonta ya kaɗa ya yi ja.

"Shekara huɗu ina zaune, ni ba mai miji ba, ni ba bazawara ba. Duk babur ɗin da ya tsaya sai na leƙa. Kana kallo na."

"Ina kallo."

"Kwana arba'in abin nan na yanka ni, kana kawo mini man shanu. Har gara ka sake ni da ka buɗe baki?"

"In na sake ki, za ki tafi kina ganin mutuncina," ya ce. "In na faɗa, na san yadda za ki dube ni. Ga shi kuwa kina yi."

Ni dai a nan ban san wanda zan fi jin tausayi ba. Haushinsa nake ji kamar in rufe shi da duka, amma kuma na san garinmu, na san abin da ya tsorata bai ƙirƙira ba.

"Rana na shirin karkata," in ji Abdulbaƙi. "Ɗan'uwa, sauke kayan nan. Sun yi mini nauyi, kai ma sun yi maka."

Yero ya share fuska da hannun riga. Ya gyara tsayuwa kamar mai shirin kabbara, ya dubi matarsa.

"Raudatu, mijinki Abdulbaƙi ya aiko ni. Ya ce in ce miki, ki kwance. Ya ce biyayyarki ta cika, ba saura. Ya ce ya yarda da ke duniya da lahira."

Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da ta shiga takaba. Ta dubi Abdulbaƙi. Ya gyaɗa mata kai.

"Gajeren bakin za ki ja."

Ta saki hannuwanta daga baya, ta zura yatsu cikin zani, ta lalubo ƙullin. Karo na farko a shekara shida. Ta kama gajeren bakin igiyar ta ja, ja ɗaya, wanda ko jariri zai iya. Ya warware. Duwatsun jigidar suka zubo ta ƙasan zaninta suka watsu a kan kabarin, suka shige cikin ciyawa. Ta ja numfashi har ƙasan cikinta, sai a lokacin ta gane rabonta da cikakken numfashi tun ranar da ya tafi.

"Tashi," ya ce. "Wannan ne na ƙarshe da zan ce miki. Daga yau ba mai durƙusar da ke sai wanda kika ga dama."

Ta miƙe tsaye.

"Kana lafiya a can?" ta tambaya, kamar ƙaramar yarinya.

Ya yi dariya, irin tasa ta da, marar sauti.

"Da kin ga wurin, Rauda, da ba ki yi mini kuka ba."

Ya juya. Gwankayen suka dare masa hanya, ya shiga tsakiyarsu yana shafa bayan wannan, yana shafa wuyan wancan. Ciyawa ba ta lanƙwasa a inda ya taka ba. Suka rufa masa baya suka nufi cikin duhuwa. Yana tafiya hasken na cinye shi, ƙafafu tukuna, sai kafaɗu, har ya zama ba ta ganin komai sai ganye. Can wata kurciya ta yi kuka, rafi ya dawo da motsinsa, zafin rana ya sauko musu a ka.

"Allahu akbar," Raudatu ta ce a hankali. "Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta."

Da ta juyo, Yero na durƙushe. Ya ajiye sandarsa a gaban ƙafarta. Wanda ya san Fulani ya san makiyayi ba ya ajiye wa kowa sandarsa haka nan.

"Abin da kika yanke," ya ce, "shi ke nan."

Ta daɗe tana kallon sa. Mutumin da ya yi wa mijinta sutura da rawaninsa, shi ne kuma ya bar ta shekara shida a ɗaure. Ta laluba zuciyarta ko za ta sami ƙiyayya ta kama, ta tarar son na nan daram, sai dai ya sha wuta. Ta gyara ɗankwalinta ta ɗaure tamau.

"Ɗauki sandarka."

Ya ɗauka.

"Ba ni kaɗai ka bari a tsaye ba. Gwaggo, mahaifiyar Abdulbaƙi, tana Kusasu. Har yau ba a isa a ce 'marigayi' a gabanta ba. Za ka je ka faɗa mata abin da ka faɗa mini, da bakinka. Ka kawo ta ta ga kabarin ɗanta."

Yero ya ɗago da sauri.

"Ƙanensa Usama fa yana gidan. Kin san shi ne babban 'yan sa-kan yankin."

"Na sani."

"Ya yi rantsuwa a kan duk wanda ke da hannu."

"Kana da hannu?"

"Allah ya gani ba ni da."

"To ka je ka faɗa masa haka. Ina bayanka, kuma zan faɗi abin da idona ya gani." Ta matso dab da shi, har yana jin ɗumin numfashinta. Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙugunta, ta danne. Ba abin da ya shaƙe ta. "Ka ji? Ba kowa a nan yanzu. In ka shiga gidan can ka fito, naka ne. In ka kasa shiga, ba sai ka wahalar da kanka da saki ba, ni zan tafi."

Ta cire hannun.

"Wuce gaba."

Ya wuce. Suka fito daga dajin har bakin hanya inda suka sami mai babur. La'asar sakaliya suka sauka a Kusasu.

Usama na zaune a kan dakalin ƙofar gida, bindiga a kan cinya yana goge ta da tsumma, abokansa uku a gefe. Daga cikin zaure Gwaggo ta leƙo da carbi a hannu, ta ga Raudatu ba takalmi, ƙafa duk taɓo.

"Ke, lafiya?"

Usama ya bar gugar. Ya dubi Raudatu, ya dubi Bafillatanin da ke gabanta.

"Malam Yero, me ke tafe da ku?"

Yero ya waiwaya sau ɗaya. Raudatu ba ta ƙifta ba. Ya jingine sandarsa a bango, ya tako har gaban bakin bindigar, ya durƙusa.

"Gwaggo," ya ce, "ni na binne ɗanki."